Neman Asalin Zuriya Daga Bakin Dattawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya halicci mutum daga ruwa, ya sanya masa dangantakar jini da ta aure. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 

Gabatarwa

A irin wannan taro, muridi yakan iya jero sunayen shehunan da ya karɓi wuridi ta hannunsu, daga muƙaddaminsa har zuwa tushen ɗariƙa, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma idan aka tambayi wannan muridi sunan kakan mahaifinsa, ko garin da kakarsa ta wajen uwa ta fito, sau da yawa sai ya sunkuyar da kai. Amsar kuwa tana cikin gidansu, a bakin wata gwaggo da ke zaune a ƙuryar ɗaki, ko wani kawu da ƙafa ta hana shi fita masallaci. Duk shekarar da aka dawo wannan taro, akan tarar sahun dattawa ya ragu, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yakan tafi da abin da ba a tambaye shi ba.

Marigayi Amadu Hampate Ba, malamin nan Bafulatani na ƙasar Mali, almajirin Shehin Tijjaniyya Cerno Bokar na Banjagara, ya faɗakar da taron UNESCO a shekarar 1960 cewa mutuwar dattijo mai riƙe da tarihi a Afirka daidai take da ƙonewar ɗakin littattafai. Maƙasudin wannan jawabi shi ne bayanin yadda za a ceto abin da ke cikin ɗakin kafin wutar ta iso.

Matsayin Sanin Nasaba A Shari'a

Aya ta 13 cikin Suratul Hujurati ta bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ita ce su san juna, sannan ta mayar da fifiko ga taƙawa. Imamu Tirmizi ya ruwaito umarnin Manzon Allah (S.A.W.) da a koyi gwargwadon nasabar da za a sadar da zumunci da ita. Sayyidina Abubakar Siddiƙu (R.A.) shi ne mafi sanin nasabobin Ƙuraishawa a zamaninsa, har Imamu Muslim ya ruwaito cewa an tura Hassanu ɗan Sabitu wurinsa domin ya warware masa su. Daga baya malamai suka mayar da abin fanni mai zaman kansa, kamar Ibnul Kalbi da ya rasu a shekarar 819, da Ibnu Hazmin Andalus da ya rasu a 1064, kowannensu da littafinsa mai suna Jamhara.

Hukunce-hukunce masu nauyi sun rataya a kan wannan sani. Ba a iya raba gado sai an san wanda ya haifi wane, da wanda ya riga wane rasuwa, kuma gonaki da gidaje da yawa sun daɗe a gaban alƙalai saboda waɗanda suka san wannan jeri sun ƙare. Waliccin aure yana bin jerin dangin uba. Sannan ga shayarwa, wadda take haramta abin da jini yake haramtawa. A mazhabar Malikiyya, shayarwa ko da sau ɗaya ce, muddin nonon ya isa ciki kuma jaririn yana cikin shekarunsa na shan nono, ta kafa haramci. Imamu Buhari ya kawo labarin Uƙubatu ɗan Harisu, wanda wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi tare da matar da ya aura, aka umarce shi ya rabu da ita. Babu littafin asibiti ko na kotu da ake rubuta shayarwa a ciki. Tsofaffin mata ne kaɗai suka san ranar da uwar wane ta yi jinya kishiyarta ko maƙwabciyarta ta ɗauki jaririn ta sa masa nono. Wannan kaɗai ya isa ya sa kowane magidanci ya durƙusa gaban iyayensa mata da alƙalami a hannu.

Sawun Magabata

Malaman wannan ƙasa ba su yi sakaci da wannan aiki ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi a shekarar 1812, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, ya kuma faɗi dangantakarsa da su, da yawansu baffanninsa ne da kawunansa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara labaran Shehu Usmanu a Raudul Jinani, shi da ya zauna da mutanen da suka ga Shehu ido da ido. Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya ci gaba da wannan hidima a kan tarihin Fulani da na Daular Usmaniyya. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello da ya rasu a 1893, tushensa abin da aka gada ne baki da baki, kafin Baturen nan Palmer ya buga fassararsa a 1908. A Kete Karachi ta ƙasar Gana, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, ya rubuta labaran ƙasar Hausa da na sana'o'inta cikin ajami.

Gidajen malamai da na sarauta ne suka fi samun irin wannan gata. Amma akwai misalin da ke nuna abin da tsohuwa ɗaya daga cikin talakawa take ɗauke da shi. Tsakanin shekarar 1949 da 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, tana rubuta abin da take faɗa. An haifi Baba a 1877, ba ta yi karatun boko ba, amma ta ba da labarin tasowar kakanta daga Barno, da zaman rinji, da harin masu kama mutane, da aure da ƙawance da goyo, da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau masana suna komawa gare shi. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk wannan ya bi ta kabari.

Waɗanda Za A Tambaya Da Ladabin Tambaya

Mai neman asali zai fara da mafi tsufa da mafi rauni, domin su ne lokaci ya fi ƙure wa. Kada ya taƙaita ga maza. Dattawa maza sukan riƙe jerin uba da kaka, da sarauta da sana'a da iyakar gona. Mata kuwa su ne suka san aure da saki, da 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana, da wanda aka ba riƙo, da wanda ya shigo gidan a matsayin agola. Bayan dangi akwai limamin unguwa da ya raɗa suna ya ɗaura aure, da wanzamin gidan da ya san irin askar da ake yi wa zuriyar, da maroƙin da ya haddace kirarin kakanni, da tsohon maƙwabci wanda ba shi da abin ɓoyewa.

Zama da dattijo yana da ladabi irin na zama gaban malami. Akan je da goro ko turare ko abin da ya sawwaƙa, a zaɓi lokacin da jikinsa yake da ƙarfi, kamar hantsi ko bayan la'asar, a zauna ƙasa, a gaishe shi da sunan girmamawar da ya saba ji, Baba ko Inna, Baffa ko Gwaggo. A nemi izininsa kafin a kunna wayar ɗaukar murya. Tambayar da take buɗe baki ita ce wadda ta shafi abin da ya gani da idonsa: a wane ɗaki aka haife shi, wa ya kai shi makarantar allo, wace sana'a ake yi a zauren gidan, ina ake zuwa gaisuwar Salla, daga wane gari baƙi suke sauka. Idan ya kauce zuwa wani labari, a bar shi, domin sau da yawa a cikin kaucewar ne sunan da ake nema yake fitowa. Zama ɗaya ba ya isa. Tsoho yakan kwana yana tuno abin da aka tambaye shi jiya, washegari ya aiko a kira mai tambayar.

Tarkon Sunaye

Babban abin da ke rikita mai bincike a ƙasar Hausa shi ne suna. Alkunya tana hana mace faɗin sunan mijinta da na ɗanta na fari da na surukanta, saboda haka tsohuwa za ta ce "Malam" ko "mai gidan nan" har a tashi. Maganin wannan shi ne a tambayi wata daga cikin danginta, ko a ambaci sunan ita kuma ta gyaɗa kai. Sannan mutane da yawa sun rayu sun mutu ba a san sunansu na yanka ba. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa yakan tashi da Abba ko Baffa, yarinya da Ummi ko Inna. Don haka a rubuta sunan yanka da laƙabi gefe da gefe, domin Muhammadu uku a jere cikin zuriya ɗaya suna iya narkewa su zama mutum ɗaya a bakin jikoki.

Laƙabin kansa shaida ne ga mai lura. Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai sun faɗi ranar haihuwa. Azumi da Sallau sun faɗi lokaci. Gambo ya nuna akwai tagwaye a gabansa, ko da an manta da su. Tanko ya nuna yayyensa mata ne, Kande kuwa yayyenta maza. Audi ya nuna uban ya rasu kafin a haife shi. Haka sunayen unguwanni. A birnin Kano, Madabo tana tuna Wangarawa, Sharifai tana tuna zuriyar da ake dangantawa da Shehu Magili wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa. Unguwar Kabara ta samo sunanta daga Malam Umaru Kabara, wanda ya fito daga Kabara ta kusa da Tambutu, kakan gidan da Shehu Muhammadu Nasiru Kabara ya fito. Ko wasan barkwanci yana nuna hanya: gidan da tsofaffinsa suke tsokanar Fulani akwai alamar Barebari a cikinsa, wanda suke wasa da Yarabawa a duba ko Gobirawa ne.

Gano Shekaru

Dattawa ba sa lissafi da lambar shekara, da aukuwa suke yi. Aikin mai rubutu ne ya mayar da aukuwar zuwa lamba. Yaƙin Basasa na Kano ya gudana daga 1893 zuwa 1895. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a shekarar ce kuma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Babbar yunwar da ake kira Kakalaba ta auku a 1913 zuwa 1914, annobar mura ta biyo baya a 1918. Sarauniyar Ingila ta ziyarci Arewa a 1956, Nijeriya da Nijar suka sami mulkin kai a 1960, aka koma tuƙi ta hannun dama a Nijeriya a 1972, aka canja fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne: Abbas ya yi sarautar Kano daga 1903 zuwa 1919, Usmanu daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Idan tsohuwa ta ce mahaifiyarta tana goye lokacin Kakalaba, an sami shekarar haihuwa da kuskuren da bai wuce shekara biyu ba.

Waɗannan shekaru suna bayyana inda wasu rassan zuriya suka ɓace. Waɗanda suka tsira daga Burmi sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Mahajjatan ƙasa da yawa sun yada zango a Chadi da Sudan, guzuri ya ƙare, suka yi aure suka zauna. Fataken goro na hanyar Gwanja sun bar iyali a Salaga, yaƙin da aka yi a can a 1892 ya watsa su zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara, wasu jikokinsu kuma suka dawo bayan dokar korar baƙi da gwamnatin Gana ta kafa a 1969. Kakan da aka ce "ya tafi gabas bai dawo ba" mai yiwuwa ne yana da jikoki da suke halartar irin wannan taro a wata ƙasa.

Auna Labari

Girmama dattijo ba ya hana auna maganarsa, kamar yadda malaman hadisi suka auna ruwayar mutanen kirki. Abin da ya gani da idonsa yana gaba da abin da ya ji daga wanda ya gani, shi kuma yana gaba da "an ce". A rubuta kowane labari da sunan wanda ya faɗe shi, da wanda shi ya ji daga gare shi, da ranar da aka ɗauka. A tambayi mutum biyu daga ɗakuna daban-daban, kowa shi kaɗai. Idan suka saɓa, a rubuta ruwayoyin biyu, kada a zaɓi wadda ta fi daɗi. Ko manyan littattafai sun saɓa: Tarihin Kano ya sanya zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14, littafin Asalin Wangarawa da aka rubuta wajen 1650 kuwa ya sanya zuwan Shehu Abdurrahmani Zaite a zamanin Rumfa, ƙarshen ƙarni na 15.

Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ba da ma'auni mai sauƙi a Muƙaddimarsa: a ƙidaya iyaye uku ga kowace shekara 100. An haifi Shehu Usmanu a 1754, kuma tsakaninsa da kakansa Musa Jakollo da ya taso daga Futa Toro akwai iyaye 11, shi Musa na cikinsu. Wannan ya ba da kimanin shekara 360, ya kuma dace da ƙarni na 15 da masana suke sanya zuwansa ƙasar Ƙonni. To, wanda ya zo da iyaye 12 kacal tsakaninsa da wani sahabi, alhali tazarar ta kai ƙarni 14, ya san akwai sunaye kusan 30 da suka faɗi a hanya, ko kuma an ɗinka jeri biyu da ba su haɗu ba. Malamai sun yi ittifaƙi a kan nasabar Manzon Allah (S.A.W.) har zuwa Adnanu, suka kame daga yanke hukunci a kan sunayen da ke sama da shi. Wanda ya tsaya inda saninsa ya tsaya ya bi sunnarsu.

Bayan baki sai takarda. A buɗe gafakar kakanni da kundayensu, domin marubutan da sukan sa sunansu da na ubansu da garinsu a ƙarshen littafin da suka kwafa, wasu kuma sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani. A duba takardun ijaza da na sayen gida da na rabon gado. Mai hali ya leƙa Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda rahotannin gundumomi da tsofaffin rubuce-rubuce suke ajiye. Gwajin ƙwayar halitta da ake yi a wannan zamani yana iya nuna yankin da jini ya fito, amma ba ya faɗin sunan kaka ko halinsa.

Abin Da Ake Nauyin Faɗa

Mai tono yakan ci karo da abin da bai zata ba. Yana iya tarar da kakarsa sa-ɗaka ce, ko kakansa an kamo shi a yaƙi, domin sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya. Yana iya tarar da gidan Maguzawa ne suka musulunta shekara 100 da suka wuce. Babu abin kunya a nan. Annabi Isma'ila ɗan Hajara ne, Sayyidina Bilalu ya ɗanɗani bauta, Salmanul Farisi ya fito daga gidan masu bautar wuta, ɗan Annabi Nuhu kuwa nasabarsa ba ta tsirar da shi daga ruwa ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin ɗabi'un jahiliyya, ya kuma ruwaito cewa nasaba ba ta gaggauta da wanda aikinsa ya jinkirtar da shi.

Haɗari biyu ne a nan. Na farko, mutum ya goge kakansa na gaskiya ya jingina kansa ga wani gida mai suna, ko ya yi da'awar sharifta ba da hujja ba. Aya ta 5 cikin Suratul Ahzabi ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa yana sane. Na biyu, ya mayar da abin da ya gano makamin gori a kan wani ɗaki na gidan. Abin da dattijo ya faɗa a asirce amana ne. Wanda ya shafi hukunci, kamar gado ko shayarwa, a kai shi ga malami. Wanda ya shafi aibin mamaci kuwa a binne shi tare da shi.

Kammalawa

Ma'abota ɗariƙa sun fi kowa sanin darajar silsila, domin ba su yarda da wuridin da ba a san ta hannun wanda ya biyo ba. Littattafan manaƙibi sun kiyaye nasabar Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, ta wajen uba da ta wajen uwa, kamar yadda suka kiyaye silsilar shehunansa. Ya kamata muridi ya riƙe biyun: silsilar da ta haɗa shi da shehinsa, da wadda ta haɗa shi da iyayen da Allah ya fitar da shi ta tsatsonsu, waɗanda haƙƙinsu na addu'a da sadaka da sada danginsu bai faɗi da mutuwarsu ba.

Abin da ake roƙon kowane mahalarci shi ne, kafin wata ya kama, ya ziyarci mafi tsufa a danginsa na uba da na uwa. Ya tanadi littafi guda, ya rubuta iyaye da kakanni gwargwadon abin da ya tabbata, maza da mata, da garuruwansu da sana'o'insu da malamansu da inda aka binne su, da waɗanda suka sha nono tare. Ya kwafa ya raba wa gidaje uku, kada gobara ko gara ko ɓatan waya su cinye aikin. Ya karanta wa 'ya'yansa ranar Salla idan dangi sun taru. Muƙaddamai kuma su sa matasan zawiyoyinsu su ɗauki muryoyin tsofaffin muridai, a ji daga bakinsu yadda ɗariƙa ta shigo garin, da waɗanda suka fara kafa halƙar zikiri a cikinsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba.

Allah ya jiƙan magabata, waɗanda aka san sunayensu da waɗanda sunayensu suka ɓace, ya haskaka makwancinsu. Ya ƙara wa dattawan da suka rage lafiya da nisan kwana, ya ba 'ya'ya da jikoki ladabin sauraronsu. Ya haɗa kan zuriya, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya maimaita wannan taro cikin alheri. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Manzanni da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.